Ruwan Zafi Tsakanin Ikko da Karkara

Tun daga shekarar 1912, lokacin da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Ikko da Kano, Hausawa ba su daina kwararowa Kurmi ba. Waɗansu suka yada zango a Agege saboda fataucin goro da shanu, har unguwar ta yi sarkinta da limamanta, waɗansu kuma daga baya suka bazu Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da nan Isolo, inda masana'antu da kasuwar Aswani da kusancin filin jirgin sama suka buɗe wa mai ƙarfi da mai ɗan jari ƙofar neman halali. Cikin duk wannan dogon zamani abu guda ne bai sauya ba, watau duk wanda Allah Ya buɗa wa a nan, zuciyarsa tana gida, kuma idan ya tashi tafiya sai ya ɗauki wani abu daga jin daɗin birni ya kai wa iyaye, a da rediyo da keken ɗinki da kwanon rufi, daga baya janareto, a 'yan shekarun nan kuwa farantan sola da batur. Yanzu magana ta zo kan ruwan zafi, domin mutum yakan gina wa mahaifiyarsa ɗaki da banɗaki na zamani a wani ƙauye na ƙasar Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, sa'an nan hunturu ya shigo, ya ji labarin har yanzu jikanyarta ce ke tashi kafin asuba tana hura wuta a tsakar gida, sai ya fara tambayar wace na'ura ce zai saya a kasuwar Alaba ya aika da ita.

Tambayar mai kyau ce, niyyar kuma birrul walidaini ce, amma ina ganin akan yi gaggawar amsa ta da idon mazaunin Ikko, alhali kuwa buƙatar ƙauye da halinsa dabam suke. A Ikko da ƙyar sanyin dare ke sauka ƙasa da digiri 22 ko 23, saboda haka ruwan zafi a nan ƙarin jin daɗi ne ga mai lafiya, sai fa jariri da tsoho da majinyaci. A Kano kuwa da arewacinta, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan kai digiri 12 ko 13, wata shekara ma ya gangara ƙasa da 10, ga iskar gabas mai fasa leɓe da dunduniya. Ruwan da ya kwana a randa ko a bokitin ƙarfe sai ya zama ba ya taɓuwa, kuma a daidai wannan sa'a ce ake bukatarsa don alwala da wankan tsarki. Shari'a ta san wannan wahala tun da daɗewa, shi ya sa aka yi alkawarin lada mai yawa ga mai cika alwala a lokacin da jiki ba ya so, aka kuma yi rangwamen taimama ga wanda ya ji tsoron cuta saboda sanyi bai kuwa sami abin ɗumama ruwa ba, kamar yadda ya auku ga Amru ɗan Asi a yaƙin Zatus Salasil. Abin lura a cikin wannan rangwame shi ne malamai sun rataya shi ga rashin ikon ɗumama ruwan, wanda ke nuna cewa ɗumamawar ita ce matakin farko da ake nema ga mai iko.

Sai dai ruwan alwala buta ɗaya ne, na wanka bokiti ɗaya. Inda itace ke ƙarewa da gaske a gidan Bahaushe na karkara shi ne wankan jego, kuma duk wanda zai yi maganar sauya hanyar dafa ruwa bai fara daga nan ba, to, bai shiga tsakar gida ba tukuna. Tun ciki yana wata bakwai ko takwas maigida zai fara tara itace, ya jibge shi a gindin katanga, domin yana daga cikin abin da al'ada ta ɗora masa tare da ragon suna, kuma wanda ya gaza a nan sai an yi da shi a gari. Da an haihu, sai a girka babbar tukunya ko rabin duro a kan duwatsu uku, a cika ta da ruwa, a tura manyan itatuwa har ruwan ya tafasa yana tsalle, sa'an nan ungozoma ko wata dattijuwa ta gida ta juye shi a daro, ta tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya, ta riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, tururi ya turnuƙe makewayi har ba a ganin fuskar juna, mai jego tana cije baki, tsohuwa tana cewa, "Daure, 'yar nan, kada sanyi ya shige ki." Haka za a yi safe da yamma har kwana arba'in, a waɗansu gidaje ma a zarce, musamman ga haihuwar fari.

Bari mu auna abin da wannan ke ci, da lissafin da kowane ɗalibin kimiyya zai iya bi. Mu ƙaddara tukunyar tana cin lita 50, ana kuma ɗaga ruwan daga digiri 25 zuwa tafasa. Zafin da ruwan ke sha ya kai daidai da yunit 4 da 'yan kai na wutar lantarki. Busasshen itace kilo guda yana ɗauke da kusan yunit 4 ɗin nan a cikinsa, ta yadda da a ce dukkan zafinsa yana shiga tukunya, da kilo ɗaya ya kusa isa. Amma murhun duwatsu uku, da yake a buɗe yake ta kowace fuska, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kaɗai yake isarwa ga tukunya, sauran kuwa iska ta kwashe, ƙasa ta shanye, hayaƙi ya tafi da shi. Saboda haka sai an ƙone wajen kilo 8 kafin a sauke tukunya ɗaya, wanda idan aka ninka shi sau biyu a yini har kwana arba'in, ya haura rabin tan na itace saboda haihuwa guda. A ƙasar da kowane gida ake haihuwa bayan shekara biyu ko uku, kuma gidan mata biyu ko uku ba baƙon abu ba ne, mai hankali ya san inda kirya da marke da ƙirare suka tafi, ya kuma san dalilin da ya sa yau ake hura wuta da karan dawa da kashin shanu, waɗanda da can gona suke komawa su zama taki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma a wajenmu mun san wanda ke shaƙarsa, mace ce da goyonta da yarinyar da aka hana zuwa makarantar safe don ta tafi ƙiraren.

To, mene ne a hannun mutumin Ikko da zai maye gurbin wannan? Abin da ya fi sani shi ne hita, irin wadda ake tsomawa a bokiti. Duk wanda ya zauna gidan haya a Isolo ko Agege ya ga yadda ake yi: a rataya ta a bakin bokitin roba da ɗan tsinke ko cokali don kada ta taɓa gindi ta narkar da shi, a soka wayarta a soket ɗin da ya riga ya yi baƙi, ƙwan ɗaki ya ɗan dushe, uwa ta tsaya tana korar yara, domin wanda ya sa hannu ya ji ɗumin ruwan alhali wayar ta ɗan kware, to, sai dai wani ikon Allah. Hita ba ta da asara mai yawa a zatinta, gama kusan duk wutar da ta ja tana komawa zafi a cikin ruwa. Illarta tsada da haɗari. Ɗaga ruwan bokiti mai lita 20 da digiri 25 yana cin fiye da rabin yunit, kuma lokacin da aka ɗaga farashin wutar masu rukunin A, watau waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, bokitin nan ya tasam ma naira 130, ban da babbar hita ta jikin bango wadda ake bari a kunne tana zubar da zafi ta jikinta dare da rana. Wannan a inda akwai wuta ke nan. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati sam, kuma mafi yawansu mutanen karkara ne, na Arewa musamman.

Nan ne akan faɗa cikin wani kuskure mai cin dukiya, wanda ya kamata a yi gargaɗi a kansa da babbar murya. Mutum ya riga ya kai sola gida, fitila tana kamawa, fanka tana juyawa, ana cajin waya, sai ya ɗauka cewa hita ma za ta hau kai. Alhali hita ɗaya takan ja wat 1,000 zuwa 2,000, watau abin da fitilu ɗari ko fiye na zamani ke ja gaba ɗaya, kuma lokacin da ake son ta shi ne asuba, sa'ad da batur ya kwana yana aiki ya galabaita. Ba a daɗewa sai baturin da aka saya da kuɗi masu nauyi ya mutu kafin wa'adinsa. Asalin hikimar ita ce, farantin da ke mayar da hasken rana lantarki kusan kashi 20 cikin ɗari kaɗai yake kamawa, alhali na'urar da ke kama zafin rana kai tsaye ta zuba shi cikin ruwa tana kama wajen rabi. Saboda haka mayar da rana lantarki, a adana a batur, sa'an nan a sake mayar da ita zafi, doguwar hanya ce da ake biyan kuɗin kowane zango a cikinta. Game da gas kuwa, yana da tsabta da sauri, amma tun bayan janye tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, kilo guda ya haura naira 1,000 a 2024, kuma ƙauyen da sai an hau babur an yi tafiyar sa'a guda kafin a cika tukunya ba zai dafa ruwan jego da shi ba. Akwai kuma wata na'ura da Turai ke yayi yanzu, mai zuƙo ɗumin iska ta tura shi cikin ruwa, tana cin sulusin wutar da hita ke ci. Kyakkyawa ce ga otal ko asibiti mai tsayayyiyar wuta, amma ba ta ƙauye ba ce a yau.

Saura rana kanta, wadda Allah Ya hore wa Arewa fiye da Kurmi. Ma'aunan masana sun nuna cewa kowace murabba'in mita a gaɓar teku tana samun kimanin yunit 3.5 zuwa 4.5 na zafin rana a yini, a can ƙuryar Arewa kuwa abin yana kaiwa 6 har 7. Na'urar da ke cin moriyar wannan ba ta da inji, ba ta da batur, ba ta da wani abu mai juyawa. Akwatu ne shimfiɗaɗɗe mai murfin gilashi, a cikinsa baƙin faranti da bututan jan ƙarfe, ko kuwa jerin kwalaben gilashi dogaye masu bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, irin yadda aka yi filas ɗin shayi. A samansu kuma tanki ne kwance, an naɗe shi da abin da ke hana zafi fita. Ruwan da ya ɗumama yana yin sauƙi sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa tun hantsi har la'asar ba tare da kowa ya sa hannu ba. Faranti mai faɗin murabba'in mita 2 a ƙasar Katsina yana iya ɗaga ruwa lita 150 da digiri 35 a yini mai haske, watau daga 25 zuwa 60, wanda idan aka sirka shi da na sanyi ya ishi gida mai mutum bakwai ko takwas wanka da alwala.

Kada wani ya ɗauka wannan sabon abu ne da sai yanzu ya iso mana. An yi rajistar irinsa na sayarwa a Amurka tun 1891, Isra'ila ta wajabta shi a sababbin gidaje a 1980, a tsibirin Kubrus da wuya ka ga rufin da babu shi, ƙasar Sin kuwa ita ke da mafi yawan waɗanda aka kafa a duniya, kuma daga can ne masu kwalaben nan ke sauka Apapa. A ƙasarmu ma an yi aikin. Jamhuriyar Nijar ta kafa ofishin makamashin rana a Yamai, wanda ake kira ONERSOL, tun 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance shi shekaru masu yawa yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana, tun duniya ba ta waiwayi wannan fanni sosai ba. A Sakkwato kuma akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980, inda aka ƙera irin waɗannan na'urori da ingantattun murahu aka gwada su. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce ilmin da aka haifa a ƙasar Hausa, aka rene shi da kuɗin jama'a, ya tsaya a harabar jami'a, har jikokin waɗanda aka yi dominsa su zo Ikko su sayi na Sin ba su taɓa jin labarin na gida ba.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da lalle za ta taso da zarar an kafa tanki a gidan malami ko a masallaci, kuma gara a san ta tun da wuri, watau hukuncin ruwan da rana ta ɗumama. Malaman Shafi'iyya sun karhanta tsarki da shi, bisa sharuɗɗa: ya kasance a ƙasa mai zafi, a cikin mazubin ƙarfe irin tagulla, kuma a yi amfani da shi tun bai huce ba. Masu sharhin Muhtasar na Shehu Halilu a mazhabarmu ta Malikiyya su ma sun tattauna, waɗansu suka rinjayar da karahanci, waɗansu suka ce babu laifi. Illar da aka ambata ta likitanci ce, tsoron kada wani abu ya fita daga ƙarfen ya jawo albaras, hadisin da ake kafa hujja da shi kuwa malaman hadisi sun raunana shi, shi ya sa Imamu Nawawi, ko da yake Bashafi'e ne, ya zaɓi rashin karahanci ta fuskar dalili. Babu wanda ya ce alwalar ba ta inganta ba, kuma sananne ne cewa karahanci yana faɗuwa idan larura ta zo. Ra'ayina shi ne a kai wa limamin gari maganar da ladabi kafin a ɗora ƙarfe ɗaya a kan wani, a nuna masa cewa cikin tankin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, a bar shi ya duba littattafansa ya yi bayani da bakinsa. Gama abin da liman ya yi alwala da shi, gari ya karɓe shi ke nan.

Matsalolin da suka fi wannan wuya na aiki ne, kuma mai sayarwa a kasuwa ba zai fara ambata su ba. Babbarsu ita ce rana tana bayarwa da azahar, mu kuwa muna nema da asuba, saboda haka darajar na'urar duka tana ga rufin tankinta. Tanki mai siririn rufi zai ba ka ruwa mai ƙuna da la'asar, ya wayi gari da ɗumi-ɗumi, a daidai lokacin da tsohuwa ta fito da butarta. Ga kuma hazo: watannin da aka fi son ruwan zafi su ne watannin da ƙura ke rufe sama ta kuma kwanta a kan gilashi, don haka sai an sami yaro mai goge shi da tsumma kowace safiya ko bayan kwana biyu, a kuma fuskantar da shi kudu, a ɗan ƙara masa jingina fiye da yadda ake yi a Ikko, domin a hunturu rana tana karkata kudu. Sa'an nan na'urar tana son a riƙa cika ta daga sama, alhali gidan da ake jan ruwa da guga ko ake saye wurin 'yan garuwa ba shi da famfo. Sai an yi ƙaramin tanki a bisa wanda za a riƙa cikawa da hannu, a kuma kiyaye ƙa'ida guda, kada a zuba ruwan sanyi cikin kwalaben da suka yini a rana babu ruwa, domin nan take suke fashewa. Ruwan rijiyar burtsatse na waɗansu wurare yana da gishiri mai daskarewa a cikin bututu, sai an riƙa wankewa lokaci lokaci.

Batun nauyi kuwa ya isa a tsaya a kansa. Tanki mai lita 150 idan ya cika, tare da ƙafafunsa da kwalabensa, ya haura kilo 200, nauyin buhun gero biyu ke nan a wuri ɗaya, shekara da shekaru. Soron ƙasa mai azara ba a yi shi don wannan ba, balle idan ruwa ya riƙa ɗiga a kansa. Rufin kwano mai siraran katakai shi ma haka. Magini mai hankali zai ce a gina masa dakali na bulo a tsakar gida, inda inuwar darbejiya ba ta kaiwa, a kewaye shi saboda awaki da ƙwallon yara. Kuma a sani cewa irin mai kwalabe yana iya kai ruwa kusa da tafasa a watan Afrilu, ruwa mai digiri 60 ma yana sale fatar yaro cikin daƙiƙoƙi kaɗan, saboda haka bakin famfonsa ya kasance inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa.

Da yake ba kowa ke da kuɗin wannan ba, wajibi ne a faɗi abin da talaka zai iya yi da abin da ke hannunsa, kuma a nan ne, a ganina, mafi yawan riba take. Rufe tukunya da murfi, da tare iska da ɗan gini, da busar da itace kafin a ƙona, kowanne yana rage wani abu. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi da aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980, ko Save80 da wata ƙungiya ta Kaduna ta fara rarrabawa kafin a kafa masana'antarsa a Kano, duk suna ninka abin da ke isa ga tukunya sau biyu ko fiye. Jarka baƙa ko duro da aka shafa wa baƙin fenti, aka ajiye a rana tun safe cikin akwatu mai murfin gilashi ko farar leda, da yamma a lulluɓe shi da tsohon bargo ko buhunan ƙaiƙayi ko audugar rimi, yana ba da ruwan wankan yamma ba tare da tsinke ɗaya ya ƙone ba. Tsofaffi ma sun san cewa ruwan da aka jawo daga rijiya da asuba ya fi wanda ya kwana a waje ɗumi nesa ba kusa ba. Idan aka haɗa biyun, rana ta kai ruwan jego digiri 60, ingantaccen murhu ya ƙarasa shi zuwa tafasa, tukunyar nan da ke cin kilo 8 za ta koma cin wajen kilo 2.

Ba zan bar maganar jego ba sai na taɓa wani gefe nata, ko da yake na san wuri ne da namiji ke taka shi a hankali. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka tarar yana da yawa ƙwarai a wannan yanki, wajen mace ɗaya cikin ɗari, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken baya a Kano ya ƙara da waɗansu sabuba, kamar rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki, saboda haka ba daidai ba ne a jibga wa al'ada laifin duka. Amma ƙunar da ungozomomin asibiti ke gani a jikin masu jego ba ta bukatar dogon bincike. Kulawar da iyayenmu mata ke yi wa mai haihuwa, da hutun kwana arba'in, da wanka da ruwa mai ɗumi, duk alheri ne da ya kamata a riƙe. Tafasasshen ruwa a fatar mutum kuwa cutarwa ce, addini kuma ya hana cuta da cutarwa. Ruwan da tankin rana ke bayarwa, idan an sirka shi, ya isa wannan wanka ba tare da an kai shi wuta ba sam, kuma wadda za ta iya shawo kan tsohuwa a kan haka ita ce 'yar'uwarta mace, ma'aikaciyar asibitin gari ko malamar Islamiyya.

Gwamnatoci sun gwada raba irin waɗannan kaya daga sama, sakamakon bai cika daɗi ba. Afirka ta Kudu ta yi alkawarin kafa tankin rana miliyan guda kafin 2014 ba ta kai ba, da yawa daga waɗanda aka kafa kuma suka lalace don babu mai gyara. Kenya ta yi dokar tilasta wa manyan gidaje kafa shi a 2012, majalisa ta soke ta a 2018. Mu ma a nan an amince da kwangilar naira biliyan 9.2 a ƙarshen 2014 don raba murahu 750,000 ga matan karkara, maganar ta ƙare a rigima. Darasin da ke ciki, a ganina, shi ne kada a kai ƙarfe ba a kai mai gyaransa ba. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taruwa a Agege da Idi-Araba da Isolo, waɗanda suka saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a gida, sun fi kowa dacewa da wannan aiki, idan suka fara da wurin da jama'a ke tarayya: ɗakin haihuwa na asibitin gari, da wurin alwalar masallacin Juma'a, da tsangayar da almajirai ke wanka sau ɗaya a mako saboda sanyi har ƙazuwa ta kama su. Tanki ɗaya babba a irin wannan wuri, a matsayin waƙafi, ya fi goma a gidajen masu hali amfani, kuma a nan ne mutanen gari za su gan shi yana aiki hunturu guda kafin kowa ya sa kuɗinsa.

Wanda kuma ya ƙudura sai ya saya wa gidansu, to, ya tambayi kaurin rufin tankin da irin ƙarfen cikinsa kafin ya tambayi farashi, ya sayi kwalabe uku ko huɗu na ajiya da robobin bakinsu a lokaci guda, domin hanyar Ikko zuwa Funtuwa ba ta tausayin gilashi, kuma ba a samun su a kasuwar ƙauye. Ya fi masa ya nemi dillali a Kano ko Kaduna wanda zai zo ya kafa da kansa ya kuma dawo idan an kira shi. Cikin kuɗin da ya ware, ya cire wani kaso ya ɗauki yaro ɗaya daga garin, cikin masu gyaran famfo ko walda, ya tsaya tare da mai kafawar tun daga gina dakali har zuwa buɗe famfon farko, a nuna masa yadda ake sauya kwalba da yadda ake wanke bututu, a kuma bar masa lambar wanda zai kira idan abin ya fi ƙarfinsa.